Murjanin da Abdulmalik Ya Ɓallo

Mijina Abdulmalik sojan ruwa ne. Da ya yi ritaya, ya dawo Zuru da akwatin gilashi, da buhun gishirin teku, da murjani mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Wasu saye ya yi, ɗaya kuwa da hannunsa ya ɓallo shi a teku. Kullum shi da 'yarmu Raliya suna gwada gishirin ruwan akwatin, suna jera murjanin a ƙarƙashin shuɗiyar fitila.

Da bazara ya rasu. Ina cikin takaba, ba wanda ya tuna da janareta. Injin da ke motsa ruwan ya tsaya, murjanin ya yi fari kamar ƙashi.

Wata magariba ina kwashe tuwo, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani dutsen ya faɗo gabana, a jiƙe, yana ƙarnin kifi. Kaji suka yi tsit. Na leƙa falo, na tarar da Raliya tana ɗibar ruwan akwatin da tafin hannu tana sha.

"Raliya, mi kike yi?"

Ta juyo. Idon nata ne, kallon ba nata ba.

Ƙanena ya ɗauko Malam Talle daga Bena. Malam ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe, sannan abin da ya shiga jikinta ya yi magana da bakinta, kamar daga cikin randa.

"Gidana aka ɓallo. An tambaye ni?"

"Wanda ya ɓallo ya riga mu gidan gaskiya," in ji Malam. "Ka ji tsoron Allah, ka saki marainiya."

"Ku mayar mini da shi."

"Gobe-goben nan za a kai shi teku."

"Da ransa nake so, Malam."

Malam ya dubi akwatin, ya sunkuyar da kai. Ya yi tayin turare, ya yi tayin rago.

"Rago a teku?" Abin ya yi dariya. "Zan fita, karatunka na ƙona ni. Amma ban san hanyar gida ba. Wadda ta sha ruwana ita za ta raka ni."

Raliya ta yi atishawa ta faɗi. Da ta farka, tuwo ta nema.

Tun ranar ba ta shan ruwa sai ta barbaɗa gishiri. Duk magariba takan tsaya a bakin ƙofa tana kallon kudu. Jiya ta ce, "Inna, teku na da nisa a ƙafa?"

Na ɓoye takalmanta. Ta gan ni, ta yi murmushi.

"Inna, ai ba a shiga ruwa da takalmi."