Ruwan Zafi a Rumbun Goro

Ranar da abin ya fara, yammaci ne kamar kowane yammaci a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui. Masu shaguna a Titin Koudoukou suna jan ƙofofinsu, ƙarar baburan haya tana raguwa, hayaƙin gawayi ya kwanta a kan rufin gidaje. A gidan Alhaji Abdulgani kowa ya nufi alwala, ban da babbar 'yarsa Mas'uda, wadda ke zaune a ɗakin baya ta ƙura wa kwamfuta ido tun hantsi.

Ɗakin nan rumbun goron kakanta ne, wanda ya shekara talatin a rufe kafin ta share shi ta mai da shi wurin aiki. Aikin kuwa na wani ƙaramin asibiti ne a unguwar Yakité, inda ruwan sama ya lalata takardun masu awon ciki har sau biyu. Mas'uda ta yi wa shugabar wurin, Madam Salamatu, alkawarin saka musu wata babbar manhajar adana bayanai ta kowa da kowa, wadda ɗaruruwan mutane a faɗin duniya suka rubuta kyauta. Sai dai rubutu ne zalla ake saukewa. Dole mutum ya harhaɗa shi da kansa ta amfani da kompilata, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa yaren na'ura.

Nan wahalar take. Kwamfutocin asibitin tsofaffi ne, siga ta tara ta kompilata suke ɗauka. In ta harhaɗa da ta tara, sai aikin ya yi awa huɗu yana tafiya, sannan ya tsaya ya ce bai san wasu sababbin kalmomi ba. In ta koma siga ta goma sha uku, sai ita kuma ta ƙi wani tsohon ɓangare da ta tara ta karɓa ba gardama. Ta gyara nan, can ya ɓalle. Sati uku ke nan.

A wannan yammacin aikin ya kai kashi casa'in da shida cikin ɗari. Ladan ya ɗaga murya, jajayen layuka suka cika allo.

Mas'uda ta miƙe. Butar shayin da ƙanwarta Fiddausi ta kawo mata tana gefe, tana tururi. Ta ɗauke ta ta watsa a kusurwar ɗakin, ba bisimilla, sai zagi.

Ɗakin ya yi tsit, har ta ji kamar fankar kwamfutar ta ja numfashi. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu.

Alhaji ya fita da tocila ya zagaya gidan, bai ga kowa ba. Washegari da magariba duwatsun suka dawo, kuma wanda Inna ta tsinta a tsakar gida ɗumi gare shi kamar an ciro shi daga murhu. A rana ta uku suka ji kukan jariri daga rumbun, siriri, mai shiga rai, alhali babu jariri a gidan. A rana ta huɗu Fiddausi ta tashi daga sallaya, ta tsaya a ƙofar rumbun, ta sandare.

Fiddausi shekararta goma sha biyar, haihuwar Bangui, yaren garin, Sango, shi ne a bakinta. In Inna ta yi mata Hausa, da Sango take amsawa. Amma muryar da ta fito daga maƙogwaronta ta tsohuwa ce, kuma Hausa ce irin ta fataken da, wadda ko Alhaji rabonsa da jin ta tun rasuwar mahaifinsa.

"Wa ya ƙona mini ɗa?"

Inna ta saki salati. Mas'uda ta kasa cewa ni ce.

Kwana biyu yarinyar ba ci ba sha. Da rana ta kwanta kamar gawa, rana na faɗuwa ta miƙe ta maimaita tambayar nan. Madam Salamatu ta zo da kanta ta auna ta, ba zazzaɓi, ba komai. Da za ta fita ta tambayi Mas'uda a hankali ina aka kwana a zancen manhaja, Mas'uda ta ji kamar ta kurma ihu.

Aka ɗauko Malam Siddiq, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya karantar da rabin unguwar. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya yi ta karatu har hasken rana ya koma ja. Fiddausi ta fara karkarwa, wuyanta ya murɗe, idanunta suka kafe a kan yayarta.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Na riga su zama a nan. Tare da huhun goron kakansu na zo, kan jaki da jirgin ruwa. Sun buɗe mini ɗaki, na yi shiru. Sun kawo abu mai gurnani dare da rana, na yi shiru. Kullum zagi, kullum tsaki. Sannan ruwan zafi a bayan ɗana."

Mas'uda ta durƙusa. "Ni ce, Malam. Ba Fiddausi ba ce. Wallahi ban san da kowa a wurin ba."

"Kin ji," in ji Malam. "Kuskure ne, kuma ta amsa. Ke kuma kin kama wadda ba ta yi miki komai ba. Wannan zalunci ne."

"A yanka mini baƙin rago."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

Ya ci gaba da karatu, muryarsa ba ta ɗagu ba, amma yarinyar ta yi ta birgima tana roƙon ya dakata. Da ya dakata, muryar ta sauko. Ta ce to a bar mata ɗakinta daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, ba wuta, ba gurnani. Malam ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi Mas'uda. Rabin lokacin aikinta ke nan. Ta ce ta yarda.

Sai wani abu da ya daɗe yana cin ta ya kufce mata. "Malam, a ce mata ta sakar mini aikina ma."

Dariyar da ta fito daga bakin Fiddausi busasshiya ce.

"Ni ban taɓa akwatinki ba, yarinya. Na leƙa sau ɗaya, na ga abin da kuka ƙulla wa junanku, na kau da kai. Wannan aikin 'yan Adam ne."

Fiddausi ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido, ta ce da Sango yunwa take ji. Inna ta fashe da kuka.

Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Manhajar kuwa ta ci gaba da ƙi. Sai da Mas'uda ta ajiye girman kai ta rubuta wa masu manhajar dogon bayani, da lambar kowane layi da ya tsaya. Kwana shida ba amsa. A na bakwai wani ya rubuto cewa a tasa kwamfutar lafiya lau take. A na tara wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta ce a gwada siga ta goma sha ɗaya, a sauya layi biyu. Ta gwada, ya tafi har ƙarshe. Alhaji ya ce albarkar addu'ar Malam ce, unguwa ta ɗauka, Mas'uda ta gaji da musu.

Sati guda da saka manhajar, wayarta ta yi ƙara da yamma. Madam Salamatu ce, murya cike da murna. An ba asibitin kyautar sababbin kwamfutoci biyu, sai dai manhajar ta ƙi buɗewa a kansu. Ko za ta leƙo yanzu?

Mas'uda ta rufe ido. Ta san me wannan ke nufi: wata siga, wani sati uku. Ta ɗaga kai, inuwa ta riga ta cinye rabin tsakar gida. Ta zare wayar kwamfutar daga bango, ta fito, ta ja ƙofar rumbun a hankali.

"Madam," ta ce, "sai gobe da hantsi."