Da'irar Ƙarfe a Garkar Gidaɗo

Rana ta riga ta faɗa bayan fadamar Wurno, ladan yana gyaran murya, lokacin da Malam Gidaɗo ya durƙusa zai ɗaure noti na ƙarshe. Matarsa Ladidi ta yi masa magana daga bakin madafa, ta ce magariba ta yi, a bar taɓa ƙasa haka nan, gobe ma rana ce. Ya ce saura ƙiris. Duk wadda ta zauna da tsohon ma'aikacin reluwe ta san tsawon ƙiris ɗinsa, don haka Ladidi ta koma kan tukunyarta.

Abin da yake ɗaurewa layin dogo ne. Ba na gwamnati ba, nasa na kansa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, a shimfiɗe cikin garkar bayan gida inda a da ake shuka yakuwa da tattasai. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a tashar Kaura Namoda, ya yi ritaya, ya dawo gidan ubansa ya tarar da zama ya fi aiki wuya. Wata rana ya gani a waya yadda wasu tsofaffi a wata ƙasa suke gina ƙaramin jirgin ƙasa a lambunansu, yana ratsa furanni yana haye gada. Ya kalla, ya sake kalla. Tun daga ranar yakuwar Ladidi ta san kwananta ya ƙare.

A yi masa adalci, ya yi aikin bisa ƙa'ida. Ya daidaita ƙasa da tiyo mai ruwa irin na magina, domin jirgi, babba ko ƙarami, ba ya son hawa da gangara. Ya haƙa ɗan siririn rami ya cika shi da tsakuwar da aka kawo masa daga Goronyo, wadda ya tankaɗe da hannunsa har ta zama kai ɗaya kamar ƙwayar wake, don ruwan damina ya samu wurin tsiyaya. Katakan da dogo ke kwanciya a kansu ya jiƙa su da baƙin mai saboda gara. Dogon kuwa Mode mai walda ne ya yanko masa daga sandunan ƙarfe, yana yi yana satar kallonsa ko Baba lafiya. Kan jirgin gwangwani ne da injin goge gilashin mota da batirin babur. Masu bidiyon sun ce mai farawa kada ya yi zari, ya fara da da'ira guda, jirgi ya zaga ya dawo inda ya taso. Sai ya kewaye ɗan tudun da ke tsakiyar garkar, wata tsohuwar rijiya da aka cike tun zamanin kakansa, ya ce ita ce za ta zama dutse.

A duk gidan mutum ɗaya ce ba ta yi masa kallon wanda zafi ya taɓa ba, autarsa Mashkura, da ta zo hutu daga makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato. Ita ta shafa wa taragu fenti, ita ta dasa na'a-na'a a kan tudun don ya yi kama da daji.

Da ya ɗaure notin nan na ƙarshe, bakin ƙarfe ya haɗu da bakin ƙarfe, da'irar ta rufe. Iskar da ke kaɗa darbejiya ta ɗauke kamar an rufe mata ƙofa. Kajin da suka riga suka shiga akurki suka fito suka tsaya cirko-cirko, babu wadda ta yi kuka. Gidaɗo ya lura, ya ce hadari ne ke haɗuwa, ya yi alwala ya tafi masallaci.

Suna cin tuwo a tsakar gida dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin Ladidi. Ya gangaro a hankali, ya tsaya a indararo. Na biyu ya biyo shi. Daga nan suka yi ta saukowa ɗaya bayan ɗaya, ba da gaggawa ba, kamar mai jifan yana da lokaci kuma yana so a san da hakan. Ladidi ta ajiye lomarta tana ta'awizi. Gidaɗo ya ce yaran makwabta ne, ya zaga bayan katanga da fitila, bai tarar da kowa ba sai jakin wani yana tunanin duniya.

Ba wai Malam Gidaɗo yana musun akwai aljanu ba. Ya yi karatu, ya san ayoyin da suka ambace su. Abin da yake musu shi ne a ce halittar da ke ƙetare duniya kafin ƙiftawar ido ba ta da aikin yi sai jifan kwanon ɗan fansho. Da safe ya hau tsani ya kwaso duwatsun don ya kai wa mai unguwa shaida. Ya zuba su a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Kai ɗaya suke kamar ƙwayar wake. Bai je wurin mai unguwa ba, bai kuma ce wa Ladidi komai ba, ita ma ba ta tambaya ba, domin ta gani.

Haka aka yi ta yi. Da rana gida lafiya lau, jirgi na zagaya tudu yana ƙara kamar ƙwaro, Gidaɗo na biye da shi da ido kamar wanda aka yi wa haihuwa. Da zarar inuwar katanga ta rufe garkar, sai tsakuwa ta fara motsi. Ana jin takun wani yana zagawa ta cikin da'irar, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wani lokaci a ji ana ƙwanƙwasa tulun da babu ruwa a ciki. Wani lokaci murya siririya, ba a jin abin da take cewa, amma duk macen da ta taɓa rarrashin yaro ta san irin muryar. Barci ya ƙaurace wa gidan. Ladidi ta koma kwana da carbi a hannu, shi kuma ya koma yi wa kansa bayani a kan yadda ƙarfe ke miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyin yamma. Bayanin yana da kyau. Bai dai hana komai ba.

Wata yamma Mashkura ta tuna ba ta ba na'a-na'arta ruwa ba. Ta ɗauki buta ta tsallake dogon ta hau tudun, ana kiran salla. Da ta tsallako ta dawo, tafiyarta ba tata ba ce. Ta sunkuya kamar mai ɗauke da shekaru, ta wuce uwarta ba ta dube ta ba, ta kafa kai a randa ta sha ruwa har Ladidi ta riƙe ta. Sannan ta cika bokiti ta kai bakin dogo, ta watsa ruwan kan tudun daga nesa, ta dawo ta sake cikawa. Sai da randunan gidan suka ƙare ta zube a ƙasa.

An kai ta asibiti, aka ba ta maganin zazzaɓi. Ta sha. Da safe takan farka ba ta tuna komai, sai ciwon kafaɗa. Da magariba ta koma jidar ruwa. Abinci ya daina shiga, awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Ladidi ba ta nemi shawarar kowa ba, ta aika garin Rabah a kira Malam Siddiq, wanda ya karantar da ƙannenta kuma aka san shi da irin wannan aiki. Ya iso da la'asar, domin yanzu ba mai bin hanyar nan bayan rana ta yi sanyi. Dattijo ne siriri, ba ya ɗauke da komai sai buta da carbi. Gidaɗo ya karɓe shi da mutunci, ya kuma sanar da shi cewa shi a ganinsa gajiyar karatu ce ke damun yarinyar. Malam Siddiq ya ce Allah Ya sa haka ne, ya nemi a nuna masa garkar. Ya zaga da'irar sau ɗaya, ya yaba aikin, ya tambayi abin da ke ƙarƙashin tudun. Da aka gaya masa sai ya ce a jira magariba.

Bayan an idar da sallar magariba aka zaunar da Mashkura a tabarma a bakin garkar, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Gidaɗo ya tsaya jikin ƙofa ya harɗe hannu, irin tsayuwar wanda ya zo kallo kawai. Malam ya fara karatu a hankali. Duhu ya sauko ya zauna a kan katanga. Tsakuwa ta yi shiru. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, busasshiya kamar kara.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni ba ɗiyatai nika so ba."

"To mi kika nema gare ta?"

"Ƙahwahu nika nema. Ubanta yak kewaye mu da ƙarhe."

Ta yi bayani, tana yi tana haki. A rijiyar take zaune tun kafin a cike ta, ita da jikokinta ƙanana. Kowace magariba takan fita ta kafar ruwan katanga ta gangara gulbi ta ɗebo musu ruwa, ba ta taɓa taɓa ko cokalin gidan ba. Irinsu ba sa tsallake ƙarfe, shi ya sa ma ake ajiye wa jariri wuƙa a wajen kai. Ta yi jifa don a ji, ba a ji ba. Da yarinyar ta shigo sai ta hau ta ta fito, amma yaran suna ciki, ruwan da ake watsa musu daga nesa ƙasa ke shanyewa.

Malam ya ce ƙishirwa ba ta halatta zalunci, yarinya ba ta yi mata komai ba, ta faɗi abin da zai fitar da ita. Ta ce a yanka mata baƙin bunsuru a kan tudun. Malam ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, har jikin Mashkura ya ɗauki rawa, tsohuwar ta ce ta janye, ta janye, dama gwadawa ta yi. Sai ta ce to a tumɓuke ƙarfen gaba ɗaya.

Nan Gidaɗo ya ji bakinsa ya buɗe ba da izninsa ba. Ya ce ai ba sai an kai ga haka ba, akwai dabara: zai yanke guntu guda ya sa masa maɗauri, kullum kafin magariba a ɗage shi, da hantsi a mayar. Yana cikin kwatanta yadda maɗaurin zai kasance ya tuna da wa yake ciniki, amma ya riga ya yi nisa.

Idanun ɗiyarsa suka juyo kansa, ba ita ke kallonsa ba.

"Ran da kam mance hwa? Ran da kam mutu, wa zai ɗaga? Na ga kakanka, na ga ubanka, kowa da alkawalinai. A buɗe mani hanya wajen gulbi, hwaɗin mace da tulu da yaro a gehenta. Kuma a bar ta buɗe."

Gidaɗo ya ce, a hankali, in aka yi haka jirgin ba zai ƙara zagayawa ba. Malam Siddiq yana jan carbi, Ladidi ba ta ko ɗago kai ba. Abin da ake ji kawai numfashin Mashkura, gajere, yana fita da ƙyar. Gidaɗo ya dubi wuyan hannunta a kan tabarma, ya ga yadda ya koma kamar sillen kara.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko zarto. Ya durƙusa ta gefen kafar ruwa, ya auna faɗin da aka ce da idonsa, ya ƙara kaɗan. Ƙarfen Mode mai kyau ne, bai yanku da sauƙi ba, kuma ba wanda ya taya shi. Da guntun ya rabu ya ɗaga shi tare da katakansa ya jingine a katanga, ya share tsakuwar wurin da tafin hannu har ƙasa ta fito.

Malam ya sa tsohuwar ta yi rantsuwa ba za ta ƙara kusantar kowa a gidan ba, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta yi karkarwa, ta miƙe, ta saki. Mashkura ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nika ji." A cikin garkar wata 'yar iska ta taso daga tudun, ta bi ta wurin da aka share, ta kwantar da ganyen na'a-na'a, ta fice ta kafar ruwa. Gidaɗo ya ga wannan. Ya ce a ransa iska dai iska ce.

Bayan sati biyu Lukman, ɗan yayar Ladidi da ke aikin jinya a Goronyo, ya zo duba jiki. Ya tarar da Mashkura ta murmure tana cin ɗanwake, jirgi kuma yana tafiya ya kai bakin giɓi ya tsaya, sai Gidaɗo ya juya masa wayar batir ya koma da baya. Lukman ya saurari labarin ya yi murmushi, ya ce zazzaɓi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, maganin asibitin ne ya yi aiki a makare. Gidaɗo ya ce ai shi ma abin da ya faɗa ke nan tun farko, ya ji daɗi da aka samu mai ilimi a gidan.

"To Baba, a mayar da guntun mana. Mode zai liƙe shi yau ɗin nan."

Gidaɗo ya dubi ɗiyarsa, ta miƙa kwano tana neman ƙari.

"Guntun ya ɓace," ya ce.

Ladidi, wadda ta ga lokacin da ya naɗe shi a buhu ya ɗaura a bayan keke ya nufi gulbi, ta tambayi Lukman ko a ƙaro masa yaji.