Farin Zare da Jan Zare

Wata Laraba da hantsi, a farkon damina, wata mata mai kaɗin zare ta ƙirga shamuwar da ta sauka a kan tsamiyarta. Bakwai ta gani. Bara kuwa talatin ne.

Maƙwabcinta ya jingina tsani a tsamiyar, ya fara hawa, ya ce, "Iya, mutanen ƙasar kudu suna kama su da tarko idan sun je can cin rani. Gara mu kwashe ƙwan tun ba su ƙare ba."

Ta riƙe tsanin ta ce, "Sauko, ɗan nan. Ka ba ni shekara guda."

Da 'ya'yan shamuwa suka yi fiffike, ta ɗaura wa kowace farin zare a ƙafa. Da kaka ta yi, ta bi ayarin fatake har ƙasar kudu.

Ta roƙi masu tarko su daina kama shamuwa. Shugabansu ya yi dariya ya ce, "Baƙuwa, ai ku ne kuke kwashe ƙwai. Gara mu kama su tun ba su ƙare ba."

Ta ce, "Malam, dubi ƙafar wadda ke cikin tarkonka."

Ya duba, sai ga farin zare.

Ta ce, "Ni na ɗaura mata, a tsamiyata aka ƙyanƙyashe ta. Mun bar ƙwai, ku bar tarko."

Sai ya ɗauko jan zare, ya ɗaura kusa da farin, ya sake ta.

Da damina ta zagayo, shamuwa ashirin da uku suka sauka a kan tsamiya, tara da jan zare a ƙafa. Maƙwabcin ya ƙirga sau biyu, ya mai da tsaninsa gida.