Idon Marigayi

"Mama! Budurwar Auta ta raba ni da 'yata!"

Yaya ce ta faɗo falo ba ko ɗankwali, zanin goyo a hannu, ba kowa a bayanta. Auta ya fito a guje har ya yi tuntuɓe da akwatinsa. Wata huɗu da dawowarsa daga karatun shekara bakwai a waje, amma har yau bai kwashe kayan ciki ba.

Da ƙyar aka gane zancen. Da safe Yaya ta kai Takwara, 'yarta mai wata takwas, asibiti saboda tana tsala ihu in an taɓa ƙafarta. Hoto ya nuna karaya a cinya, da wasu tsofaffi biyu a haƙarƙari da suka warke ba wanda ya sani. Likita ya kira ofishin kare yara. Wadda ke bakin aiki kuwa Ofisa ce, yarinyar da saura wata biyu aurenta da Auta. Ita ta sa hannu aka riƙe jaririyar, uwa ba za ta gan ta ba sai awa ɗaya a rana, da mai sa ido a gefe.

"Mu ne masu dukan jarirai?" Mama ta dafe ƙirji. "Tun ba ta shigo ba ta tona mana asiri! Auta, auren nan a kai kasuwa!"

Auta ya sami Ofisa a ofis, ƙarƙashin fanka mai ƙara, kusa da kwandon kayan wasan yara. Idanunta sun kumbura.

"Ofisa, yayata ce fa."

"Na sani. Da 'yar wani ce, me za ka ce in yi?"

"Kin san Yaya ko sauro ba ta iya kashewa!"

"Na taɓa mayar da yaro gida saboda uwarsa ta yi min kuka. Sati uku aka yi, ya rasu." Ta share ido. "Ni kaɗai ce a ofis yau, shi ya sa na sa hannu. Na miƙa wa ogata fayil, kes ɗin ya bar hannuna tunda ya shafe ku."

"Wato kin kunna wuta kin koma inuwa."

"Faɗi abin da kake so. Ba zan roƙe ka ba, amma ina nan."

Kwana uku gidan kamar an yi mutuwa. Auta ya yi ta zarya tsakanin ɗaki da baranda, yana duba jiragen komawa ƙasar waje a waya. A rana ta huɗu aka ba Yaya kwafin rahoton da Ofisa ta rubuta. Ta karanta a falo tana kuka, har ta iso wani layi: farin idon yarinyar yana da shuɗi-shuɗi.

"Ji gulma!" Mama ta ja tsaki. "Har ido ta rubuta! Idon marigayi babanku ne, gado ta yi."

Auta ya ɗago. "Mama, sau nawa Baba ya karye?"

"Wa ya ƙirga? Ai Tangaran abokansa ke kiransa. Ita ma yayarka sau biyu ta karye a firamare."

Nan take ya gano bakin zaren. Aikinsa ke nan a ɗakin gwaji: inji ne da ke daddatsa dubban furotin na jikin mutum, ya auna kowane gutsure. Ya zauna gaban Mama ya yi mata bayani. Akwai wani furotin, kolajin, shi ne rodin da ke cikin ginin ƙashi. In aka gaji mai rauni, canjin kunzugu kaɗai ya isa ya karya jariri, kuma sau da yawa farin ido kan yi shuɗi.

"Furotin ɗin da nake ji a wake?" in ji Mama. "To kai ne mai injin, rubuto takarda yau a ba mu 'yarmu!"

Likitan yara ya amince a yi gwajin, amma ba yadda Mama ke so ba. Za a ɗebi ɗan ƙanƙanin fatar Takwara, a rene shi a kwalba sati shida kafin inji ya karanta. Kwalbar lamba za ta ɗauka, ba suna. Auta da kansa ya gaya wa shugabarsa cewa shi kawun yarinyar ne, aka ba wani aikin.

Yaya ta riƙe masa riga. "Sati shida? Nonona zai ƙafe, Auta! Ka sa hannu kawai, wa zai sani?"

"Yaya, in na sa hannu kotu za ta yi watsi da takardar. In ƙarya ta fito, kin rasa ta har abada."

"Ofisa ta shanye ka," in ji Mama. "Bakinku ɗaya."

Ranar ce ya gane inda Ofisa take tsaye. Ya tura mata saƙo: "Sori. Yanzu na fahimta." Ta amsa da kalma biyu: "Mu jira."

Suka jira. Mama ta daina amsa gaisuwarsa. Kullum ya wuce firij ɗin ɗakin gwaji, kwalabe jere, bai san wacce ce jininsa ba. Takwara ta fitar da haƙorin farko a hannun nas. Nonon Yaya ya ƙafe kamar yadda ta faɗa.

Sakamako ya zo ranar wata Laraba: ciwon raunin ƙashi ne na gado. Ba wanda ya taɓa dukan yarinyar. Aka mayar da ita gida, tare da darasin yadda ake ɗaukarta, tafin hannu ƙarƙashin kai da ɗuwawu. Ciwon ba ya warkewa, sai lallaɓawa. Da Yaya ta miƙa hannu, Takwara ta kau da kai tana neman nas. Kowa a ɗakin ya yi hawaye.

Likita ya ce wa Mama, "Hajiya, ku gode wa wadda ta rubuta maganar idon nan. Mu karayar muka tsaya kallo."

Washegari Mama ta sa Auta ya kai ta ofishin. Ta tsaya gaban Ofisa, kusa da kwandon kayan wasa.

"'Yata, na zage ki a kan layin da ya ceci jikata. Ki yafe min."

Ofisa ta durƙusa tana kuka. "Mama, ni ma ku yafe min sati shidan nan. Ba ni da yadda zan mayar wa Yaya da su."

"Tashi. Shekara talatin ina kallon idon nan, ado kawai na gani."

Da suka koma gida Auta ya zazzage akwatinsa, ya jera kayan a kabad.

Mai ƙaunarka ba shi ne wanda zai karya amanar aikinsa don ya share maka hawayen yau ba. Gaskiya tana da nawa, tana kuma da ciwo, amma wanda ya yi haƙurin jiranta ba ya jin kunya in ta iso.