Wa Ya Riƙe Mata Salula?

"Miƙo mini jikata! Jinin Alkasum ba zai tashi a hannun marar kunya ba!"

Hajiya Kolo ce ta faɗi haka daga bakin ƙofa, kafin Sakina ta buɗe baki har tsohuwar ta fizgo yarinyar. Ilham, ƴar shekara huɗu, ta ƙanƙame zanen takabar uwarta tana ihu, "Mamma! Mamma!" sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sakina ta zube a kan gwiwoyinta ta riƙe ƙafar uwar mijinta. "Hajiya, ki dubi girman Allah... ki saurare ni ko da kalma ɗaya ce!" Ina! Tsohuwa ta fincike ƙafarta ta wuce sashenta da yarinyar a kafaɗa, ta bar Sakina kife a kan yashin tsakar ɗaki. Ta bayan katanga kuwa, a gidan maƙwabta, wani ya sake kunna bidiyon nan, tana jin dariyarta da kunnenta tana fitowa daga salular mutane.

Kai, duniya! Bari in koma baya kaɗan ku ji yadda aka yi aka haihu a ragaya.

Sakina marainiya ce, ba uwa ba uba, abin da uwarta ta bar mata kawai shi ne sanin haɗin turaren wuta da humra. Da Alkasum ya auro ta ya kawo ta babban gidansu na Birni, a nan cikin Damagaram, shi ya ce sana'a irin wannan ba ta zauna a ƙuryar ɗaki ba. Ya sayo mata salula mai shafawa, ya buɗe mata shafi a Fesbuk mai suna Ƙamshin Birni, ya haɗa mata rukunin mata a Watsap. Shi ke ɗaukar hoton kwalabe, ita kuma tana aika wa mata saƙon murya, don da yawansu ba su karatun boko. Kafin ka ce kwabo, komande, wato saƙon masu son a aika musu kaya, na shigowa daga Agadas, Maraɗi, har Yamai, ana kai kaya tasha a ɗora wa mota. Ana cikin wannan daɗi wani kamiyo, babbar motar kaya, ya banke Alkasum a kan babur ɗinsa a hanyar Mirya, ko shurawa bai yi ba. Allah ya jiƙansa.

To, mai takaba ba ta ado, ba ta shafa turare, malamin unguwa ma ya ce gara ta nisanci haɗa shi gaba ɗaya har sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Sakina ta ce ta ji ta bi. Ta rufe tukwanen gajiji da sandal, ta cire ɗankunne, ta zauna a tabarma da carbi. Amma shafi ba ya takaba, mata na ta turo saƙo dare da rana. A nan ne Nafisa, ƙanwar marigayin, ta matso da idanu jajur kamar ta fi kowa jin mutuwar. "Yaya Sakina, ba ni salular da kodin buɗe ta in riƙe miki. Akwai sauran kaya a kwalabe, in sayar miki kafin ki fita. Ai ɗa na kowa ne, Ilham tawa ce." Baiwar Allah ta miƙa mata tana sa mata albarka, ba ta san kura ta ba ajiyar nama ba.

Nafisa ta ɗanɗana ta ji zaƙi. Yarinyar da ko kallo ba ta ishi kowa ba a lungun, sai ga matan manya suna kiran ta Madam, ƴan kabu-kabu na layi a ƙofar gida suna jiran saƙo. Da kayan kwalabe suka ƙare ba ta tsaya ba, ta shiga sayo na kasuwa tana juyewa a kwalaben Sakina. Ranar fitar takaba tana matsowa, ita kuma ta san da zarar mai abu ta miƙe, ita ta koma ƴar kallo. Sai ta shiga bincike cikin salular, ta ci karo da wani tsohon bidiyo da ba a taɓa sa shi a shafi ba: Sakina ce cikin jar atamfa, ido ya sha kwalli, tana tsaye a kan kasko hayaƙi na fita ta wuyan rigarta, tana kallon mai ɗaukar tana dariya, irin kallon da mace ba ta yi wa kowa sai wanda ya mallaki zuciyarta. Nafisa ta yanke farkonsa da ƙarshensa, ta ɗora waƙa a kai ta danne maganar da ke ciki, ta goge na asalin. Ta sa shi a shafi da rubutu: "Na dawo! Sabon kaya ya sauka, rayuwa ba ta jira!"

Innalillahi! Kafin la'asar bidiyo ya zaga Damagaram kamar wutar kara. Nafisa ta shiga ɗakin uwarta tana birgima tana kuka. "Hajiya, jiya da rana ta ce in ara mata salular ta ji wa'azi, ashe abin da ta yi ke nan! Kabarin Yaya ko bushewa bai yi ba! Kuma ni abin da ya fi tsaya mini a rai... wa ya riƙe mata salular? Dubi yadda take kallon sa!"

Wannan tambaya ita ta kashe Sakina da ranta. Ta yi rantsuwa, ta maimaita, ta ce wallahi tallahi marigayi ne ya ɗauka da hannunsa tun bara, aka ce ta nuna na asalin. Da me za ta nuna? Salula na hannun Nafisa, an duba babu komai. Aka buɗe akwatinta aka ciro jar atamfar, aka shinshina, aka ce ga ƙamshi nan a jiki. Haba jama'a, atamfar mai sayar da turare in ba ta yi ƙamshi ba, me za ta yi? Amma wa ke ta wannan! Mai Nasara, wan marigayin, ya taso daga Zermu a fusace, ya tsaya a tsakar gida ya yanke hukunci: ranar da takaba ta cika, Sakina ta tattara komatsanta ta san inda dare ya yi mata, Ilham kuwa zai tafi da ita Zermu matarsa ta riƙe ta. Kafin nan ma kada yarinyar ta sake taka ɗakinta.

Ga baƙin ciki goma da ashirin! Da a ce za ta iya fita, da ta bi kilyan ɗinta, masu sayen turarenta, gida-gida ta wanke kanta. Takaba ta ɗaure ƙafarta. Da tana da salula, da murya ɗaya za ta aika wa matan rukuni, don sun san muryarta kamar yunwar cikinsu. Babu. Ta roƙi maƙwabciyarsu ta ara mata tata ta kan katanga, matar ta ce, "A'a, Sakina, ki rufa mini asiri, maigidana ya hana." Ta aika a kira mata malamin unguwa, ya aiko cewa shi ba ya shiga maganar gidan mutane. Matan da suke rububin turarenta jiya su ne yau ke rubuta tsinuwa a ƙarƙashin hotonta, Nafisa kuma ba ta gajiya da zuwa bakin taga tana karanto mata da ƙarfi. "Wannan ta ce Allah ya isar wa marigayi... wannan ta ce ta zubar da humrarki a kwata. Kayya, Yaya Sakina, kin ba mu kunya!" Bayan kwana kaɗan ta canza wa shafin suna, ya koma Ƙamshin Nafisa.

Zagin bai ci ran Sakina kamar kukan ƴarta ba. Tana ji daga sashen Hajiya yarinyar na ƙin cin abinci, tana kiran ta har muryarta ta dishe, ga ƙofa a buɗe, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma ba dama. Wata rana Ilham ta sulale ta rugo, saura ƙiris ta faɗa jikinta Nafisa ta cafke ta ta ɗaga sama tana wutsil-wutsil. Sakina ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije don kada ihu ya fita. Ta rame ta yi baƙi, idanu suka zurma. Kullum in ta idar da salla sai ta daɗe goshinta a ƙasa. "Ya Allah, ba ni da uwa, ba ni da uba, wanda zai shaide ni yana cikin kabari... Kai ka gani, Kai ka sani. Shafin ma na yafe, ka bar mini ƴata!"

Ana gobe fitar takaba, Mai Nasara ya iso da hantsi, har an ɗaure kayan Ilham a ɗankwali. Sai ga sallama a zaure. Wata dattijuwa ce baƙa kakkaura, da ƙwaryar gero a kai da ƙullin gujiya a hannu. Ta ce sunanta Delu daga Dakusa, tsohuwar mai sayen turaren Sakina ce. Duk damina tana gona, garinsu kuma salula ba ta samun rezo sai an hau tudu, sai shekaranjiya ta ji rasuwar, shi ne ta zo gaisuwa. Aka shimfiɗa mata tabarma a gaban Hajiya Kolo, aka yi addu'a aka shafa. Ta waiga ta ce, "Ina ita ƴar tawa, in yi mata ta'aziyya?" Nafisa, da yake bakinta ba ya da linzami, ta taso da rawar jiki ta kunna mata bidiyon. "Ga ƴar taki nan, Inna, ga irin takabar da take yi mana!"

Delu ta ƙura ido, ta matso da salular kusa da hancinta, sai ta ɗago. "Yo wannan ai nawa ne! Wa ya sa masa kiɗa?"

"Naki kamar yaya?" in ji Mai Nasara.

"Nawa mana! Bara da zan aurar da autata na ce ba na sayen turare sai na ga hayaƙinsa, shi ne mijinta, Allah ya yi masa rahama, ya ɗauko ya turo mini. Ni ban iya goge abu ba, komai aka turo yana nan." Ta kwance bakin zanenta ta ciro wata tsohuwar salula mai tsagaggen gilashi, ta miƙa masa. "Duba, ɗana, can ƙasa."

Nafisa ta ce a bari ta duba musu, Mai Nasara ya daka mata tsawar da ta sa ta zauna daɓas. Ya lalubo ya danna. Ga jar atamfa, ga kasko, ga hayaƙi... sai wata murya ta cika tsakar gidan, muryar da suka binne wata huɗu da suka wuce. "To, uwar Ilham, yi wa Inna Delu murmushi mana, kin ɗaure fuska kamar zandarma!" Sakina ta cikin bidiyo ta kalle shi ta fashe da dariya. Sai hoton ya juya, ga fuskar Alkasum ta cika gilashin, yana ɗaga hannu. "Inna Delu, kin ga hayaƙi ko? In bai yi ƙamshi ba, ni za ki kama!"

Hajiya Kolo ta dafe ƙirji ta saki salati. "Ɗana! Wayyo ɗana... sake kunna mini!" Aka sake, ta ce a sake. Ilham kuwa ta zamo daga cinyarta ta zagaya bayan salular tana leƙe, tana cewa, "Ina Baba? Ya fito mana!" Wallahi ranar har Mai Nasara, ƙaton namiji mai gemu, sai da ya rufe fuska da hularsa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Nafisa ta fara inda-inda, ta ce kuskure ne, ta ce sheɗan ne. Uwarta ta dube ta hawaye na bin tamojin fuskarta. "Ke kika yanke fuskar ɗan'uwanki? Kika shafe muryarsa da kiɗa, don shafi? Kika sa na raba marainiya da ƴarta da hannuna? Tashi ki ba ni wuri, kada bakina ya faɗi abin da ba ya dawowa!" Mai Nasara bai bar ta ta tashi ba. Ya karɓe salular, ya tsayar da ita a rana, ya ce inda ta ɓata a nan za ta gyara. Da fuskarta, da bakinta, tana majina tana hawaye, ta faɗa wa duniya abin da ta yi, aka sa a shafi tare da cikakken bidiyon. Mai neman a san ta, an kuwa san ta: ko jarka ta ɗauka za ta famfo sai yara sun nuna ta, dangin saurayinta ma kafin sati suka aiko a ba su kayansu. Ƙarshenta ita Mai Nasara ya ɗora a mota ya tafi da ita Zermu, ta je ta koyi casar gero.

Tun a ranar Hajiya Kolo ta goya Ilham da kanta, ta taka har ɗakin Sakina, ta durƙusa a bakin ƙofa duk da ciwon gwiwarta. "Ƴata, ki yafe mini... ban san ɗana kike kallo ba." Sakina ta kwanto ƴarta daga bayan tsohuwar ta rungume, suka haɗu su uku suna ta kuka.

Washegari aka yi sadakar fita. Sakina ta yi wanka ta sa sabon zane, saƙonnin neman gafara na ta shigowa salula har ta yi zafi, ba ta ko duba ba tukuna. Ta hura garwashi a kasko, ta buɗe tukunyar da ta rufe tun ranar rasuwa, ta barbaɗa kaɗan. Hayaƙi ya tashi a hankali ya cika ɗakin. Ilham ta rarrafo ta cusa fuskarta cikin zanen uwarta, ta ja numfashi mai tsawo, ta ɗago tana murmushi.

"Mamma," ta ce, "yau kin dawo."