Ƙusar Auta da Kujerar Babanta

Na yi asarar ƙanƙarar kwana uku da kawunan feshi huɗu. Na samu abin da ya fi su. Ku saurara, yara.

Mijina ya rasu ya bar mini gidan yin ƙanƙara da 'ya ɗaya, Auta. A bayan gidan akwai hasumiyar sanyaya ruwa. Bututu ɗaya ne a samanta, da kawunan feshi goma. Ruwan zafi yana fita ta cikinsu kamar yayyafi, ya huce, ya koma inji.

Abokin mijina, Mai Sifana, shi ke duba hasumiyar. Na kore shi a kan ciniki. Ni ba a cina a kasuwa. Tun daga nan gidan ya yi tsit. Kujerar mijina tana bakin ƙofa, ba mai zama sai ƙura.

Wata rana Auta ta dawo daga makaranta ta ga feshin ya yi rauni. Ba ta tambayi kowa ba. Wa za ta tambaya? Ta ɗauki ƙusa ta faɗaɗa ramukan kawuna huɗun farko.

Washegari ƙanƙara ta ƙi kamawa. Kwana uku masu saye suna komawa hannu rabbana.

"Mama, ni ce," in ji Auta, tana kuka. "Na zaci babban rami ya fi ba da ruwa."

"Ni ma da haka zan zata," na ce a raina. A baki kuwa faɗa na yi mata.

Na haɗiye girman kaina, na aika a kira Mai Sifana.

"Maman Auta, yau rana ta fito ta yamma?" in ji shi.

"Aiki na kira ka, ba surutu ba."

Ya nuna wa Auta agogon auna ƙarfin ruwa da ke jikin bututu. "Kin ga jan layin nan? Babanki ya zana shi. Ina allura take?"

"Ƙasa da shi, Kawu."

Ya ba ta bokiti. "Tara ruwa a kan feshi na farko, ki ƙirga."

Bokiti ya cika a ƙirga goma. A na ƙarshe kuwa ta kai sittin bai cika ba.

"Kin gani? Na gaba sun shanye ƙarfin ruwa, na baya sai ɗigo. Ruwan da bai watsu ba, ba ya hucewa. Da can datti ne ya toshe su. Buroshi suke so, ba ƙusa ba."

"Ka yafe mini, Kawu. Daga yau sai na tambaya."

"Tambaya ba ta rage tsawon mutum," in ji shi, yana kallona. Na kau da kai.

Ya sa sababbin kawuna. Allura ta hau jan layi. Da yamma ƙanƙara ta kama.

Darasin a fili yake: abin da ba ka sani ba, tambaya kafin ka taɓa. Wannan har da manya.

Sai ciniki. Na taya rabin kuɗin da ya saba karɓa. Ya yi dariya.

"Ba kuɗi nake so ba. Ƙanƙara biyu duk Asabar, da wurin zama in koya wa Auta aikin babanta."

"Ɗaya," na ce.

"Biyu."

Na dubi Auta, na goge ƙurar kujerar da gefen zanena.

"Na sallama. Ƙanƙara biyu, da kujerar mijina."