Igiyar da Aka Binne a Gona

A garin Gangara an yi wata yarinya 'yar aji biyar. A shekarar nan gidansu ba daɗi. Ɓarayi sun kore shanun nomansu guda biyu. Baba kuma ciwon ƙafa ya hana shi riƙe fartanya.

Da rani makiyaya sun zauna a gonarsu, kamar yadda aka saba, don shanu su bar taki. Da suka tashi sai suka mance dangwali, doguwar igiyar nan ta roba da ake ɗaure maruƙa a jere.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Baba ya kira yarinyar.

"Ɗiyata, gobe taraktar ƙungiyar manoma na zuwa. Wuni guda anka ba mu, jibi garin Isa za ta. Tahi ki tsince gona tas. Ko tsumma kar ki bari."

Ta je, ta tsince leda da kara. Ta iske igiyar ɗaure a turaku biyu, ta ja, turke ya ƙi fita. Ga rana, ga yunwa. Sai ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe ta. Aikin banza ke nan, amma ita gani take dabara ce.

"Kin gama?" in ji Baba.

"Na gama, Baba."

Da safe direba ya iso, wani dattijo mai suna Attahiru. Taraktar ƙarama ce. A bayanta akwai garma mai haƙoran ƙarfe da ke juyawa suna niƙe ƙasa.

Ya yi zuwa ɗaya lafiya. A na biyu inji ya yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu.

Attahiru ya sake tayarwa. Inji ya kama sumul. Yana sakin garma, ya sake mutuwa.

"Mi yas same ta?" in ji Baba, yana dogara sanda.

"Ita kaɗai ta sani, Malam. Bari in tambaye ta."

Ya zuba ɗan dizal a kwalba ya ɗaga sama. Babu ruwa a ciki. Ya kwance matatar iska ya kakkaɓe. Ya ɗan ɗage garma don kada ta nutse da yawa. Ya sa ƙaramar giya. Duk a banza. Garma kuwa laka ta lulluɓe ta, ba a ganin komai.

Azahar ta yi. Ƙasa ta fara bushewa. Yarinya na tsaye da kwanon fura. Ta lura a daidai wurin turken nan motar ta fara mutuwa.

"Malam, na gaza," in ji Attahiru. "Za ni kira makaniki daga Sabon Birni. Amma yau kam ta wuce."

Baba ya zauna a ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya dubi gonar kawai, ya ce, "To bana mi za mu ci?"

Nan yarinya ta fashe da kuka.

"Baba, ni ce! Igiyar maruƙa na binne. Ban cire ba."

Attahiru ya kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihu. Ya kankare lakar da itace. Ga igiya nan ta nannaɗe sandar garma tam, har ta fara narkewa.

"Ke 'yar nan, tun safe nike zargin baiwar Allah, ashe ƙafa anka ɗaure mata!"

Ya yanke da wuƙa, guntu-guntu. Yarinya ta kwashe. Ta ɗauki fartanya ta haƙe turakun biyu, har tafin hannunta ya yi ƙurji. Ba wanda ya ce mata sannu, kuma daidai ne.

Tarakta ta tashi, ba ta ƙara mutuwa ba. Kafin rana ta faɗi an gama gonar. Washegari Inna da yarinya suka shuka gero, ƙasa da sauran danshi.

A bakin gona Baba ya dafa kanta.

"Kin yi laihi biyu, kin gyara da gaskiya guda. Daga yau, aikin da yaf fi ƙarhinki, zo ki hwaɗi. Kar ki rufe shi da ƙasa ki ce kin gama."

"Na ji, Baba."

Ku ma yara ku ji. In an ba ku aiki, ku yi shi har ƙarshe. In kun kasa, ku faɗa da wuri.